BABI NA HUƊU: YARINTAR ƊAN DAUDU A IDON ADABI DA MANAZARTA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar daudu da irin sana'o'in da aka san 'yan daudu da su a ƙasar Hausa. A wannan babi kuwa za a ɗora wasu ayyuka uku a kan faifan nazari, don a ga inda suka kama ɗan daudu da kuma inda suka sake shi. Ayyukan su ne waƙar Alhaji Aƙilu Aliyu mai suna "Ɗan Daudu", da fim ɗin barkwanci na Ibro Ɗan Daudu (2002), da kuma littafin Rudolf Gaudio mai suna Allah Made Us (2009). Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, duk da bambancin manufarsu, ayyukan nan sun haɗu a wuri ɗaya: sun tarar da ɗan daudu ne bayan ya balaga, ya kuma riga ya iso birni. An ɗauki ƙasar Tsanyawa a matsayin ma'auni, domin irin wannan karkara ce take ciyar da birnin Kano da baƙi, tun daga 'yan cin rani da almajirai har zuwa waɗanda zaman gida ya gagara.

Ya kamata a faɗa tun daga farko cewa wannan nazari ba fatawa ba ne. Hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas, wanda ya la'anci maza masu kwaikwayon mata da mata masu kwaikwayon maza, sananne ne ga kowane ɗalibin zaure. Sai dai malaman da suka yi sharhi ba su tsaya nan ba. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahih Muslim, ya raba irin waɗannan maza gida biyu: wanda aka halitta da laushin murya da na motsi, ba shi ya ɗora wa kansa ba, wanda ya ce babu zargi a kansa, da kuma wanda ya ƙirƙiro abin da gangan, wanda shi ne abin zargi. Ibn Hajar kuma a Fathul Bari ya ƙara da cewa na farkon ma ana umartarsa da ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali. Ko da wace fassara aka ɗauka, wannan rarrabewa ba ta yiwuwa sai an san yadda mutum ya taso. Ke nan tambayar yarinta ba baƙuwa ba ce da aka shigo da ita daga Turai. Tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano.

4.1 Waƙa da Fim: Ɗan Daudu a Matsayin Abin Nuni

Alhaji Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, yana cikin manyan marubuta waƙoƙin Hausa na ƙarni na 20, kuma waƙarsa ta "Ɗan Daudu" tana cikin diwaninsa na Fasaha Aƙiliya. Waƙa ce ta zambo da gargaɗi, kuma ta wannan fuska ta cika aikinta. Sha'irin ya yi amfani da gwanintar da aka san shi da ita ta sarrafa harshe wajen fito da munin abin da yake suka, har mai sauraro ya ji kamar yana ganin mutumin a gabansa. To amma a nan ne iyakar waƙar take. Zambo yana buƙatar mutum ya tsaya cak a siffa ɗaya don kibiya ta same shi. Da zarar an ce wannan mutum yana da uwa da ta goye shi, da uba da ya kai shi makarantar allo, da shekarun da ya yi yana shan dukan yayyensa, to kaifin zambon ya ragu. Saboda haka ba za a ce sha'irin ya yi sakaci ba. Nau'in waƙar ne bai da gurbin yarinta. Abin da za a ce kawai shi ne, mai neman sanin yadda ɗan daudu ya zama ɗan daudu ba zai samu amsa a cikinta ba, sai dai ya samu hoton yadda malamin birni na wancan zamani yake kallonsa.

Fim ɗin Ibro Ɗan Daudu ya zo ne shekara biyu bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a 2000, lokacin da aka matsa wa gidajen mata masu zaman kansu da wuraren bukukuwan 'yan daudu. Marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, shi ne ya fito a matsayin ɗan daudun. Dariyar fim ɗin ta rataya ne a kan karairaya da maƙale murya da tafa hannu da habaici, wato abubuwan da ido da kunne suke kamawa nan take. Mai kallo ya san Ibro ne, ya san gobe zai gan shi a wani fim ɗin a matsayin direba ko ɗan sanda ko mai gadi. Wannan sani shi ne ya ba shi damar yin dariya hankali kwance, domin daudun da yake gani riga ce da aka sa, za a kuma tuɓe. Illar wannan ita ce, fim ɗin ya ƙarfafa zaton cewa kowane ɗan daudu haka yake, wato mutum ne da ya wayi gari ya zaɓi wata shiga don neman abinci. Yaron ƙauye da aka fara yi wa wannan laƙabi yana ɗan shekara takwas, tun bai san tasha ba balle tukunyar sayarwa, bai shiga lissafin ba. Abin da ya samu daga fim ɗin, in ya samu wani abu, shi ne sabon sunan tsokana.

4.2 Abin da Aka Tsallake: Tashin Yaro a Karkarar Tsanyawa

Ƙaramar Hukumar Tsanyawa tana arewa maso yammacin birnin Kano, a kan hanyar Katsina bayan an wuce Bichi, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 157,680. Ƙasa ce ta noman gero da dawa da gyaɗa da wake, inda gonaki suke manne da juna, ba a barin fili ya huta, sai dai a kai masa taki. Garuruwa irin su Dumɓulum da 'Yankamaye da ƙauyukan da ke kewaye da su ba su da nisa da juna. A irin wannan wuri babu baƙo, babu kuma ɓoyayye. Duk wanda ya wuce an san ɗan gidan wane ne, an san kakansa. Wannan cunkoso yana da muhimmanci ga abin da ake magana a kai, domin abin da birni yake bai wa mutum, wato damar ɓacewa cikin jama'a, shi ne ainihin abin da karkara ba ta da shi.

Enid Schildkrout (1978), a nazarinta kan yara a birnin Kano, ta nuna cewa yaro a al'adar Bahaushe shi ne kaɗai yake ratsa iyakar da ke tsakanin duniyar maza da ta mata. Shi ake aika cikin gida, shi yake kai saƙo, shi yake sayo cefane, yana shiga inda baligi ba ya shiga. Duk da cewa a birni ta yi aikinta, bayanin ya dace da karkara. Yaro namiji a ƙauye yana tashi ne a gindin murhu. Yana ganin yadda ake surfe da daka da tankaɗe, yana jin hirar kishiyoyi da habaicinsu, yana kuma iya riƙe ƙanensa idan uwa tana aiki. Babu mai ganin aibin wannan. Daga baya ne ake janye shi, kuma ba a rana ɗaya ba: kaciya, sai makarantar allo, sai bin uba gona da ɗan ƙaramin fartanya, sai kwana a zaure ko shago tare da sa'o'insa, har ranar da zai yi sallama a ƙofar gidan da da yake faɗawa kai tsaye, a ce masa ya dakata.

A wannan tsakani ne labarin da adabi ya tsallake yake faruwa. Akwai yaron da ba ya janyuwa. Sa'o'insa suna langa da kokawa a dandali, shi yana wajen 'yan mata ana tuwon ƙasa da 'yar tsana. Hannunsa ya fi faɗawa a kan muciya fiye da fartanya. Da farko abin dariya ne, har uwa takan ji daɗin samun mai taimako, musamman idan ba ta da 'ya mace. Kaka takan kare shi da wasa, tana kiransa mijinta kamar yadda take kiran sauran jikoki. Amma shekarun da aka yi wa sauran yara uzuri suna ƙarewa, shi bai sauya ba. Daga nan sai murya ta canja a gidan. Uba yana jin kunyar majalisa, yayye suna ganin duka ne magani, wani ya ce a kai shi wajen malam a yi masa rubutu, wani ya ce iska ce. Sau da yawa uwa ake ɗora wa laifi, a ce ita ta lalata shi da zaman ɗaki.

Abin lura a nan shi ne, a duk wannan lokaci ba a yi maganar sha'awa ba tukuna. Abin da ake tuhumar yaron da shi aiki ne da murya da tafiya da wurin zama. Harshen Hausa kansa ya rarrabe waɗannan abubuwa: na-mamajo daban, mijin-ta-ce daban, ɗan daudu daban, mai neman maza kuma daban. Mai nazarin da ya haɗa su a kwando ɗaya ya yi wa harshen gaggawa.

Al'adar ma ba ta rasa wuraren da take sassauta iyakar ba. A wasannin tashe na watan azumi akwai Mairama da Daudu, inda 'yan mata suke kwaikwayon zaman aure, ɗaya daga cikinsu ta ɗauki matsayin miji. Ba a kawo wannan don a ce daga nan kalmar daudu ta samo asali ba. Dacewar suna ce kawai. An kawo shi ne don a nuna cewa al'umma ta yarda da sauya matsayi matuƙar wasa ne, yana da lokacin farawa da na ƙarewa. Wanda nasa bai ƙare da ganin watan Sallah ba, shi ne ake rasa inda za a ajiye.

Mafitar da ta saura ita ce hanya, kuma karkarar Kano ta riga ta share ta. Fita cin rani bayan an kawar da amfanin gona al'ada ce da ba a tambayar dalilinta, haka ma tafiya almajiranci. Saurayin da zama ya yi wa zafi ba ya bukatar ya ce an kore shi. Ya isa ya ce ya tafi nema. Motar da ta taso daga Katsina za ta ɗauke shi a bakin titin Tsanyawa ta sauke shi a Kano. Abin da ya iya, wato girki, shi ne jarinsa, kuma a tasha da bakin kasuwa akwai masu sayar da abinci da za su karɓe shi ya fara da wanke-wanke. A daidai wannan wuri ne sha'iri da mai fim suka fara ganinsa, suka ɗauka nan ne farkon labarin.

4.3 Littafin Gaudio da Batun "Mai Ruhi Biyu"

Kafin Gaudio, manazarta irin su Besmer (1983) sun taɓo 'yan daudu ta fuskar bori, inda ake danganta su da iskan nan Ɗan Galadima, kasancewar Daudu kirari ne na Galadima. Pittin (1983) ta gan su a gidajen mata a birnin Katsina, Kleis da Abdullahi (1983) kuma suka dube su ta fuskar sana'a da matsayinsu tsakanin maza da mata masu zaman kansu. Gaudio, wanda masanin harshe da al'ada ne daga Amurka, ya yi zamansa na bincike a Kano tun daga shekarun 1990, kuma ya fi waɗanda suka gabace shi ta wajen abu ɗaya babba: ya saurari 'yan daudu suna magana da bakinsu. Ya nuna yadda suke kiran juna da lamirin mace a tsakaninsu, da dangantakar uwar ɗaki da 'yar ɗaki da ƙawa, da yadda habaici yake zama musu makami da abin nishaɗi. Ya rarrabe tsakanin 'yan daudu da waɗanda ake kira masu harka, ya nuna cewa ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba, kuma da yawan masu harka ba a ganin alamar daudu a jikinsu ko kaɗan. Ya kuma nuna cewa da yawansu suna aure, suna haihuwa, suna salla da azumi, suna zuwa Makka. Sunan littafin ma daga irin maganarsu aka ɗauko shi, ta cewa Allah ne ya yi su.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi komai nauyi a littafin, kuma ita ce ba a bi ta har gida ba. Wanda ya ce haka Allah ya yi shi, da'awa yake yi a kan yarintarsa. Yana cewa ne shi yana cikin kashi na farko na rarrabewar Nawawi, ko ya san sunan Nawawi ko bai sani ba. Gaudio ya kawo labaran yadda wasu suka baro gida suka fito fili, amma labarai ne da manya suka bayar a birni, bayan shekaru, ga baƙon da suka san yana tausaya musu. Ba a ji daga uwa ba, ba a ji daga uba ko malamin allo ko abokin tashi ba. Ƙauye a littafin wuri ne da aka baro, ba wurin da aka zauna aka duba ba. Za a iya yi masa uzuri da cewa Bature namiji ba shi da hanyar shiga cikin gida a karkara, kuma uzuri ne na gaskiya. Sai dai uzurin marubuci ba ya cike giɓin littafi.

A nan ne ya dace a duba wata kalma da wasu masu karatun irin wannan littafi suke son arowa. A 1990, a wani taro na 'yan asalin nahiyar Amurka ta Arewa da aka yi a Winnipeg ta ƙasar Kanada, aka amince da laƙabin da ke nufin "mai ruhi biyu", don ya maye gurbin wata tsohuwar kalma ta raini da Turawa suka liƙa musu. Kabilu da dama suna da nasu sunaye tun asali: Nabaho suna cewa nadleehi, Lakota suna cewa winkte, Zuni kuma lhamana. Sanannen misali shi ne We'wha na kabilar Zuni, gwanin saƙa da ginin tukwane, wanda ya je birnin Washinton a 1886 har ya gana da Shugaba Grover Cleveland, kuma Will Roscoe ya rubuta tarihinsa a 1991. Hujjar masu wannan laƙabi ita ce, kafin zuwan Turawa da 'yan mishan da makarantun kwana da aka tilasta wa 'ya'yansu, al'ummominsu suna da gurbi na mutunci ga irin wannan yaro, a wasu wuraren har da aikin ibada. Saboda haka matashin da ya taso a yau yana iya ce wa danginsa ba baƙon abu ya kawo ba, abin da aka ƙwace ne yake nema a mayar.

Kamannin a fili suke: a can ma ta wajen aiki ake fara gane yaron, kuma a can ma akwai alaƙa da duniyar iskoki. Amma aron bai zauna daidai ba, kuma dalilin yana da amfani ga wannan nazari. Yaron Tsanyawa ba shi da wani zamanin da zai nuna ya ce a lokacin an girmama irinsa a cikin gidan ubansa. Abin da ɗan daudu ya samu a ƙasar Hausa haƙuri ne da kau da kai, ba girmamawa ba, kuma a bariki ya same shi, ba a gandu ba. Ana cin abincinsa, ana kiransa girkin biki, ana dariyar maganarsa, amma ba a fatan a haife shi. Haka kuma abin da ya taƙaita shi ba baƙon mulki ne kaɗai ba. Addinin da shi kansa yake bi ne, yake kuma kafa hujja da shi. Alaƙarsa da bori, wadda mai kallo daga waje zai ɗauka daraja ce, a idon mutanen garinsu ƙarin tuhuma ce. Wanda ya kira shi mai ruhi biyu ya ba shi tarihin wasu, ya kuma sake tsallake nasa, kamar yadda mai zambo ya yi, sai dai shi da kyakkyawar niyya.

Wani abin da ya ƙara wa giɓin faɗi shi ne sauyin da aka samu bayan lokacin da Gaudio ya yi yawancin bincikensa. An kafa Hukumar Hisba ta Jihar Kano a 2003. A watan Agusta na 2007 an kama mutum 18 a Bauchi, aka gurfanar da su bisa zargin da ya haɗa da shigar mata. A watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko mara mata baya. Dokar ba ta ambaci daudu ba, amma a bakin jama'a rarrabewar da harshe ya daɗe yana yi tsakanin mai girki da mai neman maza ta fara dushewa, kalma ɗaya ta rufe duka. Sakamakon haka, barikin da yake karɓar wanda gida ya gagara ya ƙuntata, yaron kuma ana yi masa tuhumar manya tun bai kai ba.

Wannan ya shafi hanyar bincike kai tsaye. Manazarcin da ya shiga ƙauye a ƙasar Tsanyawa yana tambayar wane yaro ne yake haka, ya riga ya nuna shi da yatsa, kuma bayan ya koma jami'a yaron ne zai ci gaba da zama a garin. Saboda haka ba a bi wannan hanya ba a wannan aiki, ba kuma a ambaci kowa ba. Shaidar da ta fi kusa, wadda ba ta jefa yaro cikin haɗari, tana wajen tsofaffin mata, waɗanda 'ya'yansu ko jikokinsu suka tafi tun da daɗewa, suke aiko da atamfa da kuɗin cefane da Sallah, amma ba sa kwana biyu idan sun zo. Samun wannan shaida yana bukatar mace mai bincike, 'yar yankin, wadda za ta zauna a tsakar gida ana tsinkar zogale, ba tare da takardar tambayoyi a hannu ba.